Kazar Japan mai rigar garin burodi: tawa ta ƙone a waje, ciki ɗanye

Maman Ilham:
Assalamu alaikum matan gida, an yini lafiya? Don Allah wadda ta san kan soya kazar nan ta Japanawa da ake ce wa katsu ta zo ta fitar da ni kunya. Yaran nan sun ga hotonta a waya, an yayyanka ta dogo-dogo an jera a gefen shinkafa, tun ranar suka hana ni sakat. Jiya na sayo tsokar ƙirjin kaza guda huɗu, na tsoma a ƙwai, na birkiɗa a garin burodi na leda irin na kanti, na jefa a mai. Ko minti biyu ba a yi ba bayan ya yi baƙi. Na tsame na yanka, sai ga ciki jajir. Na mayar, sai rigar ta sulɓe ta bar naman tsirara, man ya cika da ƙonannen gari. Ƙarshe dai a miya na zuba su. Maigida bai ce komai ba, amma kallon da ya yi wa kaskon ya ishe ni.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yar nan, ai tun daga tushe kika ɓata. Wa ya taɓa jefa ɗanyar kaza a mai? Ki sulala ta tukuna da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari da magi, ta sha kayan ƙamshi, ƙarnin ya fita, sannan ki sa mata duk rigar da kika ga dama. Tun kafin a haife ki nake soya kaza, ban taɓa yanka ta na ga ja a ciki ba.

Amaryar Bana:
Ina nan a gefe da biro da takarda.

Maman Sadiq:
Maman Ilham sannu, ni ma haka ta faru da ni farkon zuwanmu. Hajiya, ku gafarce ni, zan saɓa muku a nan, ba don raini ba. Shekararmu ta huɗu ke nan a Nagoya, Baban Sadiq yana karatu, kuma katsu a nan abinci ne na kullum, har a kantunan unguwa za ki gan shi soyayye an jera. Ba sa sulala shi. Ɗanye suke soyawa, kuma dabarar duk tana kan kaurin naman.

Ƙirjin kazar gidan gona gefe ɗaya tudu ne, ɗaya gefen siriri. In kika jefa shi a haka, kafin zafi ya isa tsakiyar tudun, rigar ta riga ta ƙone. Abin da ya same ki ke nan. Ki kwantar da tsokar a kan katako, ki dafa ta da tafin hannu, ki ratsa ta da wuƙa a kwance ta rabu fale-fale biyu. Ki rufa mata leda, ki bubbuga da abin murza fulawa ko gindin kwalba har ko'ina ya daidaita, kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi, kusan kaurin ƙaramin yatsanki. Nama mai wannan kaurin minti 3 kowane gefe ya ishe shi.

Sai tambaya ɗaya: kin sa fulawa kafin ƙwan?

Maman Ilham:
Fulawa kuma? Wallahi ban sa ba. Daga ruwan wanki sai cikin ƙwai.

Anti Mai Abincin Biki:
To ga ɓarawon nan an kama. Ƙanwata, ƙwai ba ya kama jiƙaƙƙen nama, zamewa yake yi. Fulawa ce ke riƙe nama, ƙwai ya riƙe fulawa, garin burodi ya riƙe ƙwai. In kin tsallake ɗaya, sauran sun rushe. Ga yadda nake yi in an ba ni aiki, ko guda ɗari ne:

Bayan kin fafe naman kamar yadda Maman Sadiq ta faɗa, ki goge shi da tsumma mai tsabta ko takardar kicin har ya bushe ƙayau. Ki barbaɗa gishiri da masoro. Ki jera faranti uku: fulawa rabin kofi, ƙwai 2 da aka kaɗa da cokali ɗaya na mai, sai garin burodi kofi 2. Wannan zai ishi fale huɗu. A fulawa ki kaɗe ta sosai, shafa kawai ake so kamar hoda, don in ta yi yawa ita ma ɓamɓarewa take yi ta bar kogo tsakanin nama da riga. A ƙwai ki ɗaga ya ɗiga tukuna. A garin burodi ki binne shi, ki ɗan danna da tafin hannu sau ɗaya, kada ki murƙushe. Hannu ɗaya na busassun kaya, ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunki za su fi kazar samun riga. Sannan ki bar su minti 10 zuwa 15 a firji, ko a inuwa in babu wuta, rigar ta zauna kafin ta ga mai.

Hajiya Babba:
Tsaya, gishiri da masoro kawai na ji? Babu tafarnuwa, babu citta, babu ko attaruhu ɗaya? Wannan ai abincin marasa lafiya ne. Ku dai yaran zamani duk abin da ya fito daga ƙetare sai ku rungume. In na kai wa Alhaji kaza da gishiri kawai, ce min zai yi ko kayan miya sun ƙare a kasuwa.

Maman Sadiq:
Hajiya kun ba ni dariya, don ni ma ranar farko haka na ce. Su a wajensu ɗanɗanon ba a cikin naman ake cusa shi ba, a romon da ake zubawa a kai yake, mai zaƙi-zaƙi da tsami-tsami, sai ɗan lemun tsami da wani yajin mustad mai hawa hanci da suke kira karashi. In kina neman kazarsu mai kayan ƙamshi, wannan sunanta karaage: ana jiƙa gutsattsarin cinya a ruwan waken soya, wato baƙin romon nan mai gishiri da ake ce wa soya sos, da citta da tafarnuwa, a birkiɗa a garin sitacin dankali, a soya. Ita ta fi kusa da bakinmu. Amma abinci biyu ne daban.

Anti Mai Abincin Biki:
Ni dai a nan ina bayan Hajiya rabi da rabi. Mutanenmu ba za su ci lami ba, na gwada na gani, faranti ya dawo min. Abin da nake yi: busassun kayan ƙamshi a jikin naman, ƙarƙashin fulawa. Garin tafarnuwa, garin citta, ɗan barkono, magi ɗaya a murmushe. A bar shi rabin awa, a sake gogewa don gishiri yana fito da ruwa. Abu biyu ne ban yarda da su ba. Kada a zuba yaji a cikin garin burodin, don shi ke fuskantar mai kai tsaye, ƙonewa zai yi ya yi ɗaci. Kuma kada a shafa jajjagen albasa da attaruhu, ruwansa zai kwance rigar.

Amma sulalawa kam, Hajiya, a yi haƙuri. Rigar nan ita ce tukunyar. Tana rufe naman ruf, ruwan jikinsa ya turara shi daga ciki, shi ya sa in kin yanka za ki ga yana naso. In kin sulala, ruwan ya riga ya tafi cikin romo, naman ya ƙanƙance, ki sake soya shi, sai ki ji kamar kina tauna auduga.

Hajiya Babba:
Auduga? Kazar da nake soyawa ce auduga?

Maman Sadiq:
A'a Hajiya, ba taku ake nufi ba. Ina jin kaji biyu muke magana a kai. Ku kazar Hausa kuke soyawa, wadda ta yi watanni tana tono a tsakar gida, namanta ya yi ƙarfi. Ita dole a sulala, in ba haka ba haƙori ya sha wuya, kuma ba ta da faffaɗan ƙirjin da za a fafe. Ta gidan gona kuwa sati 6 zuwa 8 ake yanka ta, namanta ruwa-ruwa ne, ba ya jure wuta biyu. Katsu da irin wannan ake yi.

Hajiya Babba:
To ni wannan farar kazar mai zaman banza ba ta shiga tukunyata. A dai bar kaza cikin gashinta.

Amaryar Bana:
Hajiya ta kashe ni da dariya. Anti, cinya fa? Mijina ba ya son ƙirji.

Anti Mai Abincin Biki:
Cinya ma ta fi yafiya, ko kin ɗan wuce lokaci ba ta bushewa. Ki zare ƙashin, ki cire fata da kitsen da ke lilo, ki tsattsaga jijiyoyin da bakin wuƙa don kada ta naɗe a cikin mai, ki buɗe wajen da ya yi kauri. Ki ƙara mata kamar minti ɗaya a kowane gefe.

Maman Sadiq:
Na koma kan garin burodi, don Maman Ilham ta ce na leda ta sa. In mai laushin nan ne kamar yashi, mai ruwan ƙasa, to ko kin bi komai daidai ba zai ba ki abin da yara suka gani a hoto ba. Nasu sunansa panko. Pan burodi ke nan, kalmar daga Turawan Fotugal suka aro ta, waɗanda suka fara isa Japan a 1543, shi kuwa "ko" gari ke nan. Fari ne tas, manya-manyan ɓarɓashi masu tsini kamar an yayyage auduga. A masana'antu da yawa burodin da ake yinsa da shi ba a gasa shi a tanda, wutar lantarki ake ratsawa ta cikin kwaɓin ta dafa shi, shi ya sa ba ya yin ɓawo. Saboda ɓarɓashin yana da iska a tsakani, mai yana shiga ya fita, ba ya zama. Mai laushin kuwa cunkushewa yake yi ya riƙe mai, ga shi an riga an gasa shi sau ɗaya, yana shiga kasko sai ƙuna.

Maman Ilham:
To mu da ke nan ina za mu samu? Na taɓa ganinsa a wani babban kanti, kuɗin ƙaramar leda ya kusa na kazar.

Anti Mai Abincin Biki:
Ba sai kin saya ba. Ki samu burodi mai yanka-yanka wanda ya kwana, ki yanke ɓawon gefe duka, ki sa farin a firiza ya ɗan daskare, ki goga a magogin kuɓewa ta gefen manyan huji. In bilenda ce, ki yayyaga ki riƙa kunnawa kina kashewa sau uku ko huɗu, kada ki bar ta ta yi ta gudu ta mai da shi gari. Ki baza a tire ya sha iska. Da hunturu awa biyu ma ya isa, ki dai rufa masa kyalle mai shara-shara saboda ƙura. In damina ce ki sa a oben da wuta can ƙasa, ya bushe ba tare da ya canza launi ba.

Gargaɗi ɗaya: burodinmu na nan sukari ya yi masa yawa, wani ma har da madara da bota. Sukari kuwa shi ke saurin ƙonewa. Ki nemi wanda ya fi rashin zaƙi, in ba ki samu ba ki rage wuta kaɗan.

Maman Sadiq:
Gaskiya ne. Kuma ba dole ki busar ba. Wanda aka goga aka yi amfani da shi nan take suna kiransa nama panko, kada sunan ya ruɗe ku, nama a yarensu ɗanye ke nan. Gidajen abinci masu ji da kansu shi suke sawa, ya fi tashi, sai dai ya fi shan mai kuma ba ya ajiyuwa.

Hadiza ta Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan wannan matsalar sukarin ba ta dame mu ba, don dogon burodinmu na Faransa fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, shi ke nan. In ya kwana ya yi tauri sai a kankare ɓawon a goge cikin. Kuma ni da na karanta bayanin Maman Sadiq sai na ce ai wannan eskalof ne da muka sani a gidajen abinci na Yamai, nama fale-fale da fulawa da ƙwai da garin burodi. To mene ne na Japan a ciki?

Maman Sadiq:
Hadiza kin taɓo inda yake. Ai su ma ba su ɓoye ba, aro suka yi. Katsu gajarcewar katsuretsu ne, yadda bakinsu ya iya furta kalmar Ingilishi ta yankan nama, ita kuma daga kotelet ta Faransanci ta fito. Japanawa sun daɗe ba su saba da cin naman dabbobin gida ba. Tun a shekara ta 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin shanu, dawaki, karnuka, birai da kaji, saboda tasirin addinin Buda, sarakunan baya suka yi ta sabunta irinta. Sai a zamanin Meiji, da ya fara a 1868, aka buɗe ƙofa ga al'adun Turai, har sarkin da kansa ya ci naman sa a 1872 don mutane su gani su bi. Daga nan aka samu wani rukunin abinci da suke kira yoshoku, wato girkin Turawa da aka juya ya dace da bakinsu. Akwai wani gidan abinci a unguwar Ginza ta Tokyo, Rengatei, an buɗe shi a 1895 kuma yana nan har yau, shi ake dangantawa da fara wannan suyar a 1899.

Abin da suka canza: Bafaranshe a ɗan bota ko mai kaɗan yake soya nasa a faffaɗan kasko, da gari mai laushi. Su kuwa suka tsunduma shi cikin mai mai yawa kamar yadda suka saba soya tempura, wato kifi ko kayan lambu da ake tsomawa a kwaɓin fulawa, suka sa panko, suka ajiye ɗanyen kabeji a gefe, suka haɗa da shinkafa da romon miso, wato irin daddawarsu ta waken soya. Daga baya aka koma yanka shi tun daga kicin don mai ci da tsinke biyu ba shi da wuƙa.

Uwargidan Malam:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan katse ku. Na ji an ce asalin abincin nan da naman alade ake yinsa, kuma Japanawa ba sa girki sai da giya. Ya kamata a fayyace kafin mu kai wa iyalanmu.

Maman Sadiq:
Tambaya mai kyau, Malama. Wanda ya fi shahara a nan, tonkatsu, na alade ne, ton ɗin shi ne alade. Na kaza sunansa chikin katsu ko torikatsu. Wanda za ki yi a kicin ɗinki kazarki ce da aka yanka da bisimilla, fulawa, ƙwai, burodi da man gyaɗa, babu abin tambaya a ciki. Mu da ke nan ne muke da aiki. Ba ma saye a waje don sau da yawa mai ɗaya ake soya na kaza da na alade, wasu gidajen ma da kitsen alade suke suya, ga kuma batun yanka. Kazarmu daga shagon halal muke sayowa, daskararriya, yawanci daga Barazil.

Batun giya kuma, suyar kanta ba ta buƙata. Inda za ki kula shi ne in kin ga an rubuta mirin ko sake a wani bayanin girki. Sake giyar shinkafa ce, mirin na asali ma yana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Suna shiga a katsudon, wato katsu da aka ɗan dafa a romo da albasa da ƙwai aka juye a kan shinkafa. Ni sukari da ɗan ruwa nake sawa a madadinsu. Haka dunƙulen kori nasu na kwali, da yawa akwai kitsen alade a ciki, sai an karanta. Ruwan waken soya ma a nemi mai tambarin halal, hankali ya fi kwanciya.

Uwargidan Malam:
Alhamdulillah, na gamsu. Allah ya saka da alheri, ya dawo da ku lafiya.

Maman Ilham:
Amin. To saura mai. Ni dai na bar shi har ya fara hayaƙi, kamar yadda nake yi in zan soya dankali.

Anti Mai Abincin Biki:
Inna lillahi. Ɓarawo na biyu ke nan. Man da ya yi hayaƙi ya wuce gona da iri. Ana son digiri 170 zuwa 180. In babu ma'auni, ki jefa ɓarɓashin burodi ɗaya. In ya nutse ƙasa ya yi zamansa kafin ya taso, man bai yi ba, naman zai sha mai ya yi lagwas. In ya nutse zuwa tsakiya ya taso nan da nan yana 'yan kumfa, daidai ke nan. In ya tsaya a sama ya yi ja kafin ki ƙifta ido, ki sauke kaskon ya huce.

Zurfin man ya kai santimita 2 zuwa 3, a tukunya mai kauri ko kaskon ƙosai, don mai kauri ya fi riƙe zafi. Fale biyu kawai a lokaci guda, in kin cika man zai yi sanyi. Ki zura shi a hankali daga gefenki zuwa can, kuma minti na farko kada ki taɓa shi ko kaɗan, lokacin ne rigar ke kamawa. Juyi ɗaya tak. Za ki ji ƙarar suyar ta canza, daga ɓararraka mai ƙarfi ta koma siririya, kumfar ta ƙanƙance, launin ya zama ruwan zuma. Kafin ki sa na gaba ki tsame duk ɓarɓashin da ya zube da matsami, su ne ke ƙonewa su ɓata man su manne wa na baya.

Amaryar Bana:
Ni a gawayi nake girki, gas ya gagara. Zai yiwu?

Anti Mai Abincin Biki:
Sosai. Ki bari garwashin ya rufa, ba lokacin da yake balbali ba. Ki ajiye wasu a gefe, in zafi ya yi yawa ki janye, in ya ragu ki tura. Masu ƙosai ai ba su da ma'auni, kuma ba sa ƙonawa.

Sista Maryam:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Damuwar Hajiya a kan ɗanyar kaza ba wasa ba ce, akwai ƙwayoyin cuta irin su salmonela da ke kawo gudawa da zazzaɓi, yara sun fi jigata. Tsakiyar naman ya kamata ya kai digiri 75. In ba ki da abin aunawa, ki yanka mafi kauri a cikin na farko: ciki ya zama fari har tsakiya, ruwan da ke fita ya zama garau, ba ja ba. Amma inda na fi jin tsoro ba kaskon ba ne, kabejin ne, tunda ɗanye za a ci. Ki fara yanka kabeji ki kawar, sannan ki taɓa kaza. Katako da wuƙa da hannu a wanke da sabulu bayan nama. Ragowar ƙwai da fulawa da garin da kaza ta shiga kuma ba a ajiye su don gobe.

Hajiya Babba:
Yauwa Sista. Da an sulala ai da duk ba a yi wannan dogon lissafin ba.

Maman Sadiq:
Hajiya ba za ku sauka ba ke nan. Maman Ilham, in kin tsame kada ki kwantar da shi a kan takarda, kuma kada ki rufe a kula. Tururin da ke fita ta ƙasa zai jiƙa rigar, duk wahalarki ta tashi a banza. Ki ɗora a kan ragar waya, ko ki jingina su a tsaye a cikin kwando mai huji, minti 3 zuwa 5. Zafin da ya rage yana ƙarasa tsakiyar. Wajen yanka ki danna wuƙa mai kaifi sau ɗaya ta sauka, ban da gurzawa gaba da baya.

Kabejin a yanka shi siriri kamar gashi, a tsoma a ruwan sanyi minti kaɗan, a tsane. Ba ado ba ne, shi ke wanke maiƙon a baki. Shinkafarsu gajera ce mai ɗan danƙo, ba mai warara ba, don haka shinkafar tuwo in ba a cika mata ruwa ba ta fi kama da ita a kan 'yar gwamnati.

Maman Ilham:
Romon fa da kika ce shi ne ɗanɗanon?

Maman Sadiq:
A nan na kwalba ake saye, wanda aka fi sani Bull-Dog. Tushensa romon Wusta ne na Ingila, suka ƙara masa tumatir da tuffa da wasu kayan lambu ya yi kauri. Na gida: kecaf cokali 4, romon Wusta cokali 2, ruwan waken soya cokali 1, sukari ƙaramin cokali 1, a juya, shi ke nan, ba a ma ɗorawa a wuta. Mu nan Nagoya kuma da wani baƙin miso mai zaƙi suke ci, suna alfahari da shi, ni dai har yau bai kama ni ba.

Hadiza ta Maraɗi:
Romon Wusta ɗin nan na duba bayan kwalbarsa, akwai tsamiya a ciki, da ruwan kal da sukari da ɗan kifi. To me zai hana mu yi namu? Na taɓa dafa ruwan tsamiya mai kauri da dabino huɗu, tumatirin gwangwani cokali ɗaya, albasa, kanumfari biyu da gishiri, na niƙa na tace, muka ci da gasasshen nama. Ina ganin zai hau.

Anti Mai Abincin Biki:
Zai hau har ya zauna. Hadiza wannan na sace, sai dai ki ji labari.

Maman Zara:
Mu a Landan da miyar kori aka fi saninsa, gidajen abincin Wagamama ne suka yaɗa shi, har wasu Turawan sun ɗauka kalmar katsu sunan miyar ne. Ni kori ɗin da kaina nake yi: albasa mai yawa a soya ta yi laushi, karas, tafarnuwa, citta, garin kori, fulawa cokali ɗaya, romon kaza, a niƙa. Hajiya, ga inda romon sulalenku zai yi amfani, a sulala ƙasusuwan da aka zare. A dai zuba miyar a gefe, kada a yi wa kazar wanka da ita.

Maman Sadiq:
Kori ɗin ma ta hannun Turawan Ingila ya shigo musu a zamanin Meiji, ba kai tsaye daga Indiya ba. Wani abin dariya, katsu a yarensu sauti ɗaya ne da kalmar yin nasara, shi ya sa iyaye ke soya wa yara daren jarrabawa, 'yan wasa ma haka.

Amaryar Bana:
Ashe da na sani da na ci kafin jarrabawar shiga jami'a, sau biyu ina zaunawa.

Uwargidan Malam:
Addu'a da karatu dai, Amarya.

Maman Ilham:
Matan gida na dawo da rahoto. Yau da rana na sake gwadawa da ƙirji biyu, na fafe su huɗu. Burodin jiya na goga, na sa garin tafarnuwa da ɗan barkono a jikin naman kamar yadda Anti ta ce. Na farko ya ɗan yi duhu, ina jin sukarin burodin ne, sai na rage wuta, sauran ukun suka fito ruwan zuma. Rigar ba ta motsa ba. Da na danna wuƙa har Ilham ta jiyo ƙarar daga falo ta taho a guje. Ciki fari tas, yana naso. Romon Hadiza na yi don ba ni da na Wusta, sai dai na cika tsamiya, gobe zan ƙara dabino. Kabejin ne kawai yaran suka ture gefe. Maigida ya cinye nasa, sannan ya ce a miƙo masa yajin ƙuli.

Hajiya Babba:
Kun ji ko? Yaji ya nema. Maman Ilham, ranar Juma'a in kin shigo unguwarmu ki taho min da guda ɗaya in gani da idona. Ki yanka shi a gabana.

Maman Ilham:
In sha Allah Hajiya. Sai dai kafin in iso ya huce, rigar ta saki.

Anti Mai Abincin Biki:
Ki kai shi ɗanye da rigarsa a cikin kula da ƙanƙara, ki soya a kicin ɗin Hajiya. Ki tafi da burodinki da kaskonki, kuma kada ki bar ta ita kaɗai da naman, kafin ki juyo ta ɗora tukunyar sulale.